FILIN MANOMA: Ɗurin Harsashin Bindigar Giwa Aikin Awo Ne

In kaka ta wuce, an kai hatsi rumbu, manoma da yawa su kan rataye fartanya su ɗauko bindiga. Maharbin ƙauye shi ke ɗura adakarsa da hannunsa. Ya kan zuba albarushi a tafin hannu ya kimanta da ido, ya ɗura, ya danna tsumma, ya sa dalma ko guntun ƙarfe, ya kirɓa da sanda. Yau ya harba ta ci, gobe ya harba ta bi iska, wata rana kuwa, Allah ya kiyaye, bututun ya tsage ya tafi da yatsu. In an tambaye shi dalili sai ya ce rashin sa'a ne, ko kuwa naman yana da asiri.

To, akwai waɗansu maharba a Amurka da Turai da Afirka ta Kudu waɗanda su ma da hannu su ke ɗura harsashinsu, amma na manyan bindigogi irin waɗanda a ke tarar giwa da ɓauna da zaki da su. Su sun bi diddigin al'amarin shekara da shekaru, har sun gane cewa mafi yawan abin da a ke kira sa'a, awo ne. Harsashin kirki shi ne wanda ya yi daidai da 'yan'uwansa, har in an harba goma duk su bi hanya guda. Filin wannan mako zai bayyana yadda su ke yi da dalilansu. Dokar Nijeriya ta hana mutum ya ƙera ko ya haɗa harsashi a gida, kamar yadda za a gani can ƙasa, sabo da haka ba a kawo adadin albarushi na ko wace bindiga a nan ba. Abin da a ke so mai karatu ya ɗauka shi ne hankalin da ke cikin aikin, gama yana da amfani ga maharbi, yana kuma da amfani ga wanda bai taɓa riƙe bindiga ba.

GAƁOƁIN HARSASHI HUƊU

Harsashin bindigar zamani abu huɗu ne a haɗe. Na farko kwanso, watau gwangwanin tagulla da ke riƙe da sauran. Na biyu wani ɗan ƙyastu, kamar maɓalli, da ke gindin kwanson. Shi allurar bindiga ke sara in an ja kunama, ya ba da wuta. Na uku albarushi. Na huɗu ƙwayar da ke fita ta sami nama. In an harba, uku sun tafi ke nan, kwanso kaɗai ya rage, shi ne kuwa mafi tsada a cikinsu. Shi ya sa masu wannan aiki su ke tsince shi su sāke ɗura shi.

Irin ƙyastun da ya sauƙaƙa wannan aiki wani hafsan sojan Ingila ne mai suna Edward Boxer ya fito da shi a 1866. A shekarar nan kuma wani Ba'amurke, Hiram Berdan, ya fito da nasa, wanda ya ke da wuyar cirewa. Abin dariya, sai Amurkawa suka rungumi na Baturen Ingila, Turai kuwa ta daɗe tana aiki da na Ba'amurken.

Ma'aunin da su ke aiki da shi sunansa giren. Giren 7,000 ke cika laba ɗaya, watau giren ɗaya bai wuce giram 0.065 ba. Sikelin mai ɗuri ya kan nuna har kashi ɗaya cikin goma na giren, abin da bai kai rabin nauyin ƙwayar shinkafa guda ba.

Me ya kawo irin wannan ƙwaƙƙwafi? Albarushin zamani marar hayaƙi ba irin baƙin nan ba ne na adaka. Wani Bafaranshe, Paul Vieille, ya fara fito da shi a 1884, Ingila kuma ta yi nata mai suna kodayit a 1889. In ya kama wuta a cikin bututu, iskar da ya ke bayarwa tana matsa jikin ƙarfen da ƙarfin da ya wuce misali. A bindigar da a ke kira .375, iyakar matsin da masu ƙera makamai na Amurka suka yarda da shi laba 62,000 ne bisa ko wane inci murabba'i. Tayar ƙaramar mota kuwa wajen laba 30 a ke hura mata. Watau matsin ya ninka na taya sau dubu biyu, ga shi kuma fuskar maharbi tana nan manne da bindigar.

BINDIGOGIN DA A KE MAGANA

Lambar da a ke kiran bindiga da ita, kaurin ƙwayarta ne. A 1905 wani maƙerin bindiga na Berlin, Otto Bock, ya fito da harsashi mai kaurin milimita 9.3, musamman domin manoman Jamus da suka zauna a Afirka, waɗanda su ke bukatar bindiga mai araha da za ta ba su nama ta kuma tsare musu gona. A 1911 kamfanin John Rigby na London ya fito da .416, mai ƙwaya giren 410. A 1912 kamfanin Holland & Holland, shi ma na London, ya fito da .375 H&H Magnum, wadda har yau ita ce a ka fi sani. Ƙwayarta mai nauyi giren 300 ce, kimanin giram 19, tana fita da gudun wajen ƙafa 2,500 a daƙiƙa guda, fiye da ninki biyu na gudun sauti. Akwai zane mai murɗiya a cikin bututun wanda ke juya ƙwayar kamar mazari, sau ɗaya a ko wane inci 12 a yawancinsu, sabo da haka tana fita tana juyi wajen sau 150,000 a minti. Juyin nan shi ke hana ta tuntsure a hanya.

Sama da waɗannan akwai .470 Nitro Express da .458 Winchester Magnum, masu ƙwaya giren 500, giram 32 ke nan. A Tanzaniya doka ba ta yarda a fuskanci ɓauna ko giwa da abin da ya gaza .375 ba. Farautar giwa kanta yanzu sai a 'yan ƙasashe kaɗan, irin su Zimbabuwe da Namibiya da Botsuwana da Tanzaniya, da lasisi mai tsada da ƙayyadadden adadi. Kenya ta rufe farautar manyan dabbobi gaba ɗaya tun 1977. Banda masu farauta, ma'aikatan gandun daji ma suna riƙe irin waɗannan bindigogi domin ranar da dabba ta addabi ƙauye.

DALILIN DA SU KE ƊURAWA DA KANSU

Dalili na farko rashi ne. Kamfanin Kynoch na Birmingham shi ke yi wa manyan bindigogin Ingila harsashi. Da mulkin mallaka ya ƙare, kasuwa ta ja baya, sai ya daina, wajen ƙarshen shekarun 1960. Bindigogi masu tsada suka zama sanduna a jingine, sai fa wanda ya iya ɗura wa tasa. Sai a 1989 kamfanin Federal na Amurka ya fara yi wa .416 Rigby da .470 harsashi.

Na biyu tsada. Harsashin babbar bindiga kuɗi ne mai yawa, maharbin da ba ya yawan gwada hannu kuwa ba ya ƙwarewa. Shurin .375 ya kusa ninka na matsakaiciyar bindigar farauta, na .458 ya fi haka. Wanda bai saba ba ya kan runtse ido ya noƙe kafaɗa tun kafin bindiga ta tashi, harbin ya baude.

Na uku, ko wace bindiga da halinta. In ta tashi, bututun ya kan yi rawa kamar tsirkiyar garaya, ko da ya ke ido ba ya gani. In ƙwayoyi suna fita a lokacin da bakin bututun ya ke wuri guda cikin rawar tasa, sai su taru wuri guda. In wannan ta fita da wuri waccan ta makara, sai su warwatse. Bindigogi biyu da suka fito masana'anta ɗaya rana ɗaya, sai a tarar abin da ya karɓi wannan bai karɓi waccan ba, kamar yadda gona biyu maƙwabta ba su kan so iri ɗaya ba.

Abin ya fi tsanani ga bindiga mai baki biyu. Maƙerinta ya kan haɗa bututun biyu ya yi ta gyara har su riƙa sa ƙwaya wuri guda, amma da harsashi iri ɗaya tak, mai nauyi kaza da gudu kaza. In an sauya, sai na dama ya faɗa hagu na hagu ya faɗa dama, ko kuwa su yi nesa da juna. Mai irin wannan bindiga aikinsa shi ne ya nemo ɗurin da ya yi daidai da wanda a ka gina ta a kansa.

YADDA AIKIN YA KE TAFIYA

Mai ɗuri ya kan fara da kwanso. Ya kan ware su, ba ya gauraya na kamfani biyu, gama kaurin tagullarsu ya bambanta, in tagulla ta yi kauri kuwa cikin ya ƙuntata, matsi ya hau. Ya wanke su, ya duba ko wanne a haske. Wanda bakinsa ya tsage, ko wanda wani zobe mai sheƙi ya bayyana kusa da gindinsa, ya tafi juji, don alama ce ya kusa rabewa biyu. Kwanso ya kan kumbura ya kuma ƙara tsawo duk sa'ad da a ka harba shi, sabo da haka sai a matse shi a cikin wani mazubi na ƙarfe ya koma girmansa, a auna tsawonsa, a datse abin da ya ƙaru. In an bar shi da tsawo, bakinsa ya kan cije ƙwayar a cikin bindiga, matsi ya yi tsalle.

Daga nan sai albarushi, nan ne kuwa a ke rasa ido ko rai. Albarushin zamani iri-iri ne, sun fi ɗari, waɗansu masu saurin ci ne domin ƙananan bindigogi, waɗansu masu ci a hankali domin manya. Da ido ba a rarrabe su. In mai saurin ci ya shiga babban kwanso, bindigar ta tarwatse. Don haka ƙa'idarsu ita ce gwangwani ɗaya kaɗai a ke ɗorawa bisa tebur, da sunansa a jiki, ba a kuma yin aikin ana hira ko ana shan taba.

Ba wanda ke ƙago adadi da ka. Kamfanonin albarushi da na ƙwaya suna da ɗakunan gwaji da na'urorin auna matsi, suna buga littattafai masu nuna mafari da iyaka ga ko wane irin harsashi. Mai hankali ya kan fara daga mafarin, wanda galibi ya ke wajen kashi 10 cikin 100 ƙasa da iyakar, ya riƙa hawa kaɗan kaɗan yana duba alamu. In makullin bindiga ya yi tauri wajen buɗewa, ko ƙyastun ya baje, ko wani tabo mai sheƙi ya fito a gindin kwanso, ya riga ya wuce gona da iri, sai ya koma baya. Abin lura a nan shi ne, in an ƙara albarushi, matsi ya fi gudu saurin hawa. Ɗan ƙarin gudun da a ke samu a can ƙarshe ɓauna ba za ta san da shi ba, amma ƙarfen bindiga ya sani. Ragewa fiye da kima ma hatsari ne, don in albarushi mai ci a hankali ya yi kaɗan a cikin babban kwanso, ya kan yi jinkirin kamawa ko ya kama rabi da rabi.

In ya auna, sai ya jera kwansunan ya haska fitila ya leƙa cikinsu ɗaya bayan ɗaya, don ya tabbata ba wanda a ka tsallake, ba kuma wanda ya fi 'yan'uwansa cika. Sa'an nan ya dasa ƙwaya, ko wace zurfinta ɗaya da na sauran, ya danne bakin kwanson ya kama ta. Dannewar nan wajibi ce ga babbar bindiga. In ta yi shuri, harsasan da ke jira a cikinta su kan bugi bango, ƙwayar da ba ta kamu ba ta nutse ciki ta rage wa albarushi fili. A mai baki biyu kuwa, shurin bututu na farko ya kan zaro ƙwayar da ke cikin na biyu.

ZAFIN RANA

Wannan babi ya fi shafar ƙasashe masu zafi. Albarushi mai zafi ya fi mai sanyi saurin ci. Kodayit na dā ya yi ƙaurin suna a nan: harsashin da ke lafiya lau a sanyin Ingila, in ya sha ranar Afirka ko ta Hindu sai matsinsa ya hau, kwanso ya manne a bindiga ya ƙi fita, ga kuwa dabba tana tahowa. Shi ya sa a ka yi wa .416 Rigby ƙaton kwanso, domin ta kai gudunta da matsin da bai wuce wajen laba 47,000 ba, a bar wa rana nata rabon.

A 1956 kamfanin Winchester na Amurka ya bi wata hanya. Ya so ya sami aikin manyan bindigogin Ingila, watau ƙwaya giren 500 da gudun wajen ƙafa 2,150, daga gajeren kwanso mai tsawon inci 2.5, don ya shiga bindiga mai araha. Wurin bai isa ba, sai an danƙare albarushin. In harsashin ya daɗe a ajiye cikin zafi, albarushin ya kan dunƙule kamar gishirin da ya sha raɓa, wuta ba ta ratsa shi sosai, ƙwayar ta fita ba ƙarfi. A 1959 ɓauna ta ji wa wani maharbi Ba'amurke mai suna Jack Lott ciwo a Mozambik, yana riƙe da irin wannan bindiga. Ya ɗora laifin bisa harsashin, a 1971 kuma ya fito da nasa mai kwanso inci 2.8, wanda a ke kira .458 Lott. Duk gyaran da ya yi bai wuce ba albarushi fili ba.

Yanzu akwai albarushin da zafi da sanyi ba su cika sauya shi ba, irin wanda a ke yi a masana'antar Mulwala ta Ostireliya. Duk da haka masu hankali ba su barin harsashi a gaban gilashin mota, su kan kuma gwada ɗurinsu a rana mai zafi irin ta wurin da za su.

ƘWAYA IRI BIYU

Akwai ƙwaya mai buɗewa, wadda in ta shiga nama kanta ya kan baje ya yi faɗi, ta yi babban rauni a huhu da zuciya. Ita a ke wa zaki, ita ce kuma harbin farko ga ɓauna. Akwai kuma daskararriya wadda ba ta buɗewa, aikinta ta huda ƙashi ta miƙe. Ita a ke wa giwa, gama ƙwaƙwalwarta tana can cikin ƙaton ƙoƙon kai mai saƙar ƙashi kamar ta zuma. Maharbin ɓauna ya kan sa mai buɗewa a sama, daskararru a ƙarƙashinta, don in dabbar ta juya baya ko ta taso. Sabo da haka wajibi ne iri biyun su riƙa faɗa wa wuri guda da saiti guda. Samun wannan na daga cikin manyan abubuwan da ke sa mutum ya zauna ya yi ɗuri da kansa.

Ƙwaya mai buɗewa ta dā, dalma ce a cikin siririyar riga ta jan ƙarfe, ta kan farfashe in ta gamu da ƙashi. A 1946 wani Ba'amurke mai motocin sufuri, John Nosler, ya harbi wata irin ƙatuwar barewa ta ƙasashen sanyi a Kanada, kafaɗarta duk busasshen taɓo, ƙwayoyinsa suka kāsa ratsawa. Da ya koma gida sai ya ƙera ƙwaya mai shamaki a tsakiya, gabanta ya buɗe, bayanta ya tsaya cur ya tura ta ciki. Ya fara sayar da ita a 1948. A 1989 kamfanin Barnes ya fito da ƙwaya ta jan ƙarfe zalla, ba dalma, tun daga 2019 kuma jihar Kalifoniya ta hana farauta da ƙwayar dalma ɗungum.

Dalilin hanin, dalma guba ce. Ta kan bar ɓarɓashi cikin nama, mutum ya ci, ungulu ma ta ci. Mutanen Arewa ba su bukatar a gaya musu sharrin dalma, gama a 2010 gubarta, wadda ta fito daga duwatsun zinariya da a ke niƙawa a cikin gidaje, ta kashe yara wajen 400 a Zamfara. Maharbin da ke narka dalma a gida, kada ya yi a murhun girki ko inda yara ke wasa, ya kuma yanke naman da ke kewaye da raunin ya binne.

GWAJI DA RUBUTU

In an gama ɗuri sai filin gwaji. A kan kafa takarda a yadi 50 ko 100, a harba uku ko biyar, a auna tazarar da ke tsakanin ramuka biyu mafi nisa da juna. Suna kuma da na'ura mai auna gudun ko wace ƙwaya. In gudun biyar ɗin ya yi kusa da juna, ɗurin ya yi kyau. Ƙa'ida babba ita ce abu ɗaya a ke sauyawa a lokaci guda. Wanda ya sauya albarushi da ƙwaya da ƙyastu rana ɗaya, ko harbin ya gyaru bai san wanda zai gode wa ba. Haka malamin gona ke yi a gonar gwaji: kunya iri ɗaya, iri ɗaya, ranar shuka ɗaya, taki kaɗai ya bambanta. Ko wane gwaji kuma sai an rubuta shi a littafi, da kwanan wata, da zafin ranar, da lambar gwangwanin albarushin, a kuma manna takarda bisa akwatin harsasan.

Mai gasar harbin takarda yana neman ramuka su taru cikin inci ɗaya a yadi 100, har ya kan sa kwanso ya matse tsam a bindiga don ya sami haka. Maharbin manyan dabbobi ba ya bin wannan. Galibi ƙasa da yadi 100 a ke harbin ɓauna, giwa kuwa sau da yawa ƙasa da yadi 50, huhun ɓauna da zuciyarta kuma sun kai faɗin faifai. Inci biyu sun ishe shi. Abin da ba ya yafewa shi ne harsashi ya maƙale. Don haka ya kan zaɓi sabon kwanso ko wanda a ka harba sau ɗaya, ya matse shi sosai, kafin tafiya kuma ya je filin harbi ya shigar da ko wane harsashi cikin bindigar ya fitar, ɗaya ɗaya, wanda ya yi gardama ya ware shi.

Girman bindiga kuwa ba ya maye gurbin iya saiti. W. D. M. Bell, mutumin Sikotilan da a ke wa laƙabi da Karamojo, ya kashe giwaye 1,011 a farkon ƙarni na 20, wajen 800 daga ciki da 'yar bindiga mai kaurin milimita 7, don ya tsaga kawunan giwaye ya san inda ƙwaƙwalwa ta ke. Irin wannan kisa na neman haure yana cikin abin da ya rage giwayen Afirka, ba abin yabo ba ne, a 1989 ma ƙasashen duniya suka hana cinikin haure tsakaninsu. Amma labarin ya nuna cewa inda ƙwaya ta faɗa ya fi girmanta muhimmanci.

ABIN DA YA SHAFI MANOMI

Duk wahalar nan da su ke sha, domin harbin farko ne. Dabbar da a ka harba ta faɗi nan take ta huta. Wadda a ka ji wa rauni kuwa ta kan shige duhuwa ta laɓe, ta yi kwanaki da ciwo yana cinta, wanda za ta huce a kansa kuma sau da yawa ba maharbin ba ne. Mace ce mai neman itace, ko yaro mai kiwo, ko manomi mai sammakon zuwa fadama.

A Nijeriya, Dokar Makamai ta 1959 ta hana ƙera makami ko harsashi, ko haɗa su, sai a wuraren da hukuma ta yarda, irin masana'antar makamai ta Kaduna da a ka kafa a 1964. Ko adaka ma tana cikin dokar, ana kuma neman izninta wurin 'yan sanda. A Afirka ta Kudu dokarsu ta 2000 ta yarda mai lasisin bindiga ya ɗura wa bindigar tasa harsashi, amma wannan dokarsu ce, ba ta tsallako nan ba.

Giwa kuma dabba ce da doka ta kāre. Waɗanda suka rage a Arewa kaɗan ne, sanannun cikinsu su ne na gandun dajin Yankari a jihar Bauchi, wanda a ka keɓe a 1956, a ka buɗe wa jama'a a 1962. Su kan fito su shiga gonakin ƙauyukan kewaye, barnar da garke ke yi a dare ɗaya kuwa tana iya cinye wahalar shekara. Duk da zafin abin, wanda ya ɗirka wa giwa ko dorina adaka ya jawo wa garinsu masifa. In bindigar da a ka ƙera musamman domin giwa tana bukatar duk awon da a ka zana a sama, guntun ƙarfe daga bututun famfo ba abin da zai yi sai ya bar mata ruɓaɓɓen rauni da fushi. Abin yi shi ne a sanar da mai gari da ma'aikatan gandun daji da hanzari.

Maharbin da ke da adaka bisa izni, ga abin da zai ɗauka daga wannan darasi. Ya yi wa albarushinsa ma'auni guda, ya daina kimantawa da tafin hannu, kada kuma ya ƙara don ya ga naman babba ne. Kada ya kuskura ya farke harsashin zamani ya juye albarushinsa a adaka, ko ya gauraya shi da baƙi, gama ƙarfenta ba zai ɗauki matsin ba. Ya sa wa sandar ɗurinsa alama, don ya san ko akwai ɗuri a ciki, kada ya yi biyu bisa ɗaya. Ya tabbata dalma ta zauna bisa albarushi ba fili a tsakani, bakin bututu kuma ba taɓo. In ya ja kunama ba ta tashi ba, ya bar bakinta yana kallon daji ya jira minti guda, kada ya leƙa. Ya ajiye albarushi nesa da murhu da rana da yara. Bututun da tsatsa ta ci kuwa, ranarsa ta ƙare.

Wanda ba ruwansa da bindiga ma ga nasa rabon. Takin zamani in ya yi yawa ƙona shuka ya ke yi, maganin feshi in an zuba da ka, ko ya kāsa kashe ƙwari ko ya cuci mai feshin da mai cin amfanin. Adadin da a ka rubuta a jikin buhu ko kwalba, gwaji ne ya haifar da shi, kamar littafin masu ɗuri. Manomi ya nemi ma'auni guda ya riƙe, ya sauya abu ɗaya a kunya ɗaya ya ga abin da zai biyo, ya sa ɗansa ɗan makaranta ya rubuta masa ranar shuka da mudun taki da damin da ya samu. In baɗi ta zo, littafin zai gaya masa abin da zai maimaita da abin da zai bari.

Allah ya tsare maharba da manoma, ya kai kowa damina lafiya.